Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Jita Ke Rera Waƙa Hannu Bai Daina Shara Ba

Duk wanda ya ɗan jima da jita a hannu yakan iso wani wuri da zai ji kiɗansa ya tsaya cik. Ya iya kod, wato haɗin sautukan da ake kaɗawa tare: ya iya C, ya iya G, ya iya D da Am da Em, yana sauya su ba tare da ya leƙa yatsunsa ba, amma in ya kaɗa sai ya ji abu ɗaya ke ta dawowa kamar daka a turmi. Ran nan sai ya ga wani ya riƙe waɗannan kod ɗin dai, ba wasu ba, ga shi waƙa na fitowa daga cikinsu tamkar mutum biyu ne ke kiɗan. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu koyo suka fi yi mini a kan wannan, shi ya sa na tara su wuri guda.

Kafin mu shiga, mu daidaita baki. Tsirkiya ta 1 ita ce siririyar da ke can ƙasa wajen cinya, ta 6 kuma ita ce mai kaurin da ke sama wajen ƙirji. Tsakanin ƙarafan da aka gitta a wuyan jita, abin da makaɗa ke kira firet, zan riƙa ce masa gaɓa, kamar gaɓar rake. Shara ita ce bugun da hannu ke sharo tsirkiyoyi da yawa a tare. Kari kuwa shi ne hawa da saukar waƙa, abin nan da kake yi da fito in ka manta baitin. Na ɗauka jitarka na kan ɗaurin da aka saba, daga ta 6 zuwa ta 1: E, A, D, G, B, E.

Malam, wai mene ne ainihin abin da mutanen nan ke yi da nake jin kamar jita biyu?

Yatsa ɗaya ne ke motsi, sauran suna zaune. Yawancin kod da muke kamawa a gaɓoɓi ukun farko yatsu uku suke ci ko biyu, saboda haka kullum akwai yatsan da ba shi da aiki. Kuma ko a cikin masu aikin, akwai wanda za ka iya ɗagawa na ɗan lokaci kod ɗin bai rushe ba. Dannawa da yatsan da ke zaune banza, da ɗaga wanda ke aiki, su ke canza sauti ɗaya a cikin kod, sauran sautukan suna nan yadda suke. Kunne kuwa Allah ya yi shi da bin abin da ke motsi. Da ya ji sauti ɗaya na hawa yana sauka a tsakiyar waɗanda ba su motsa ba, sai ya ware shi ya ce ga waƙa, sauran kuma ya ɗauke su a matsayin shimfiɗa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga kunnen Bahaushe. Wanda ya taɓa zama kusa da mai garaya ya san yadda tsirkiya biyu kacal ke cika wuri, kuma marigayi Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tal ta kuntigi yake riƙe taku da kari gaba ɗaya. Kai shida gare ka.

Da wane kod ya kamata in fara?

Da D. Babu wanda ya kai shi sauƙi a wannan aiki, domin duk abin da zai faru a kan tsirkiya ta 1 yake faruwa, inda kunne ya fi ji.

Kama D yadda ka saba: manuni a gaɓa ta 2 ta tsirkiya ta 3, yatsan zobe a gaɓa ta 3 ta tsirkiya ta 2, na tsakiya a gaɓa ta 2 ta tsirkiya ta 1. Sautin da ke can ƙoli F# ne. Yanzu sauke ƙaramin yatsa a gaɓa ta 3 ta tsirkiya ta 1, ba tare da ka ɗaga na tsakiya ba. Ya koma G, kuma a takarda za ka ga an rubuta Dsus4. Ɗage ƙaramin, ka dawo gida. Sai ka ɗage na tsakiyan ma ka bar tsirkiyar sake: E ke nan, Dsus2. Ka samu sauti uku, E da F# da G, hannunka bai gusa ko'ina ba.

Ka saurari halin kowanne, don a nan darasin yake. G ɗin nan yana da ƙaiƙayi, kamar wanda ya ɗaga ƙafa bai sauke ba, kunne na jira ya koma F#. E kuwa a sake yake, kamar an buɗe taga. Ka yi mako guda kana wasa da ukun nan kaɗai kafin ka taɓa wani kod. Na san za ka ji kamar ɓata lokaci ne, amma duk abin da za ka koya daga baya wannan ne dai a wata riga.

Da zarar na ƙara yatsa sai takuna ya watse, hannun dama ya tsaya. Ina matsalar take?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan, kuma zan daɗe a kanta.

Abin da ke faruwa shi ne hankalinka ya koma kan hannun hagu kacokan, na dama kuma ya tsaya yana jiran umarni. Taura biyu ba ta taunuwa. Maganin ba wai ka ƙara sa ido a kan hannu biyun ba ne. Maganin shi ne ka mai da hannun dama abin da ba ya bukatar ido ko kaɗan, kamar ƙafar mai keken ɗinki, wadda ke ta tafiya shi kuwa idonsa na kan allura.

Ƙirga haka da baki, a bayyane: ɗaya-da-biyu-da-uku-da-huɗu-da. A kan kowace lamba hannu na sauka, a kan kowane "da" yana hawa. Ba ya tsayawa. Ko inda ba ka son a ji sauti, hannun zai wuce ne ta gaban tsirkiyoyin bai taɓa su ba, amma lilon na nan. Mutane da yawa suna koyon salon shara ne a matsayin hadda, ƙasa, ƙasa-sama, sama-ƙasa-sama, suna tsai da hannu a tsakani. Irin wannan haddar ce ke rushewa da zarar an ɗora mata kaya. Wanda hannunsa ke lilo ba fashi, shi ba abin da ke tayar masa da hankali, domin hagu ne ke zuwa ya tarar da dama a hanya, ba dama ke jiran hagu ba.

Ga yadda nake sa mutum ya gina shi. Da farko ka ɗora yatsun hagu a kan tsirkiyoyin ba tare da dannawa ba, su mutu, ka yi ta lilo kana ƙirga na minti biyu. Akwai manhajojin metronom, wato abin da ke buga maka taku ba ya sauri ba ya jinkiri, kyauta a waya. Sa ta a bugu 60 a minti, wato bugu ɗaya kowace daƙiƙa. Sannan ka kama D ka ci gaba. Sannan ka sa ƙaramin yatsa sau ɗaya tak a kowane zagaye, a kan "uku", ka ɗage a kan "huɗu". In wannan ya zauna, sai ka matso da shi baya kaɗan ya faɗi a kan "da" ɗin da ke bayan "biyu". A nan za ka ji kiɗan ya fara rausaya, don sautin ya riga bugun isowa. Daga ƙarshe ka ƙara ɗage na tsakiya a kan "huɗu" ka mayar a kan "da" na ƙarshe.

Kuma ka riƙe wannan doka: in yatsan hagu ya makara, ka bar shi ya rasa wurinsa, kada dama ya jira shi. Mai sauraro ba zai san akwai sautin da ka yi niyya bai fito ba. Amma ko yaron da ke wasa a ƙofar gida zai ji in taku ya yi tuntuɓe.

Abu ɗaya kuma: da yawa daga kiɗanmu uku-uku yake tafiya, ba huɗu-huɗu ba. In waƙarka irin wannan ce, ƙirga shida, ka nauyaya na ɗaya da na huɗu. Dokar hannu ba ta canza ba.

Ina danna sautin daidai, amma ba ya fitowa, sauran tsirkiyoyi sun danne shi. Me zan yi?

Biyu ne. Na farko, kunne ya fi kama sautin da ya fi kowane tsayi a cikin abin da aka buga tare. Saboda haka in karin yana kan tsirkiya ta 2, kada sharar ta kai ta 1; ka tsai da ita a ta 2, ko ka kwantar da gefen wani yatsa ya kashe ta 1 ɗin. In ka bar ta tana kuka a sama, ita za a ji.

Na biyu, ba kowace shara ce za ta ci tsirkiya shida ba. Lilon hannu yana nan da faɗinsa, amma bakin da yake ci ya riƙa canzawa. A kan "ɗaya" ka buga masu kauri da nauyi, a san wane kod ake ciki. A wurin da kari yake, ka taɓa biyu ko uku na ƙasa kawai. Sharar sama ma da ma can ba ta bukatar wuce tsirkiya uku. Ba sai ka yi saiti kamar maharbi ba. Ka nufi wadda kake so, in maƙwabciyarta ta shigo babu laifi, ai tana cikin kod ɗin. Wannan 'yar ƙurar da ke biyo sautin ita ce ma daɗin salon, ita ta raba shi da tsintar tsirkiya ɗai-ɗai.

To yaya zan san sautin da zai dace da wanda zai ɓata?

Kowane kod na yau da kullum sauti uku ne. C ya ƙunshi C, E, G. G ya ƙunshi G, B, D. D ya ƙunshi D, F#, A. Am kuma A, C, E. Em kuma E, G, B. Waɗannan su ne 'yan gida, za su iya zama a kan bugu mai nauyi su daɗe. Sauran sautukan baƙi ne masu wucewa: su shigo a kan "da", su gaisa, su miƙa wa ɗan gida. Ba haramun ba ne baƙo ya zauna a kan bugu mai nauyi, Dsus4 ɗin da muka yi ɗazu ma haka ne, amma ka san ka ɗauki bashi, kunne zai jira ka biya.

In kana son hanyar da ba ka cika ɓata ba, riƙi sautuka biyar. A gidan G, abin da makaɗa ke kira ki, su ne G, A, B, D, E. Dubi inda suke: tsirkiya ta 6 da ta 2 da ta 1, sake da gaɓa ta 3, tsirkiya ta 5 da ta 4 da ta 3, sake da gaɓa ta 2. Duk tsirkiya shidan a sake suna cikin biyar ɗin nan. Shi ya sa G da Em suka zama gidan da jita ta fi sakewa. Kuma da yawa daga waƙoƙinmu na gargajiya a kan sauti biyar suke tafiya, don haka kunnenka ya riga hannunka sanin hanyar.

Wanda ya taso a ƙungiyar mawaƙa ta coci ya iya do-re-mi, ga taswirarsa a gidan G: do tsirkiya ta 3 sake, re gaɓa ta 2 a kanta, mi tsirkiya ta 2 sake, fa gaɓa ta 1, so gaɓa ta 3, la tsirkiya ta 1 sake, ti gaɓa ta 2, do na sama gaɓa ta 3. Tsani cikakke a ƙarƙashin tafin hannu ɗaya.

Amma shawarar da na fi ba da muhimmanci ita ce ka rera kafin ka nema. Ka kaɗa kod ɗin zalla, ka yi ɗan kari da baki, sauti uku ko huɗu, sannan ka laluba shi a kan tsirkiya. Abin da yatsa ya ƙirƙiro don ya fi masa sauƙi yakan fito ba rai. Abin da baki ya fara rerawa yana da numfashi a ciki. Mu da harshenmu ke da hawa da sauka, ga gajeren gaɓi ga dogo, ko jimla ka faɗa a hankali za ka ji rabin karin ya riga ya fito.

Na gane na D. Sauran kod fa?

A da Am a tsirkiya ta 2 wasansu yake. A Am manuni na kan gaɓa ta 1, C ke nan. Ɗage shi ka samu B, sauke ƙaramin yatsa a gaɓa ta 3 ka samu D. A kan A ma haka ne: sake, gaɓa ta 2, gaɓa ta 3.

C ya fi su arziki. Ɗage manuni ka samu B, sauti mai sanyi ƙwarai. Ƙaramin yatsa a gaɓa ta 3 ta tsirkiya ta 2 ya ba ka D, a gaɓa ta 3 ta tsirkiya ta 1 ya ba ka G. Na tsakiya kuma zai iya tashi ya dawo a tsirkiya ta 4, daga D zuwa E. Em yatsu biyu kawai yake ci, don haka biyu na yawo: gaɓa ta 3 a tsirkiya ta 2, gaɓa ta 2 da ta 3 a tsirkiya ta 1.

G ne ke bukatar gyaran kamu. Yawancinmu an koya mana shi da manuni, na tsakiya da na zobe. Canza: na zobe a gaɓa ta 3 ta tsirkiya ta 6, na tsakiya a gaɓa ta 2 ta tsirkiya ta 5, ƙarami a gaɓa ta 3 ta tsirkiya ta 1. Kwana biyun farko za ka ji kamar ka sa takalmin wani. Amma manuni ya kuɓuta, zai iya taɓa C a tsirkiya ta 2, kuma tafiya daga G zuwa kod ɗin C ta zama taki ɗaya, don na zobe da na tsakiya gangarowa kawai za su yi.

Akwai sautin da nake ji yana fitowa alhali hannun dama bai buga ba. Yaya ake yi?

Hannun hagu ne ya buga. Ka kaɗa tsirkiya a sake, tana cikin kuka sai ka sauke kan yatsa a kanta da sauri, daf da ƙarfen gaɓa. Ni daka nake ce masa. Sauri ake so, ba ƙarfi ba. In ka sauke a hankali kashe tsirkiyar za ka yi. Kishiyarsa ita ce fizga: yatsa na danne, sai ka janye shi yana ɗan karto tsirkiyar zuwa ƙasa, ba ɗagawa tsaye ba.

Gwada a kan Am ko C. Ka shara kod ɗin yatsa ɗaya na sama, sannan ka daka shi ya cika kod ɗin kafin shara ta gaba. Amfaninsu a nan babba ne, domin suna ba ka sauti a tsakanin bugu biyu ba tare da an nemi komai daga hannun dama ba.

Dole ne kari ya kasance a kan sirara?

A'a. Akwai babbar hanya da ta bi ta masu kauri, kuma sunan mace ke kanta. Maybelle Carter, 'yar jihar Bajiniya a Amurka, tana da shekara 18 lokacin da ita da danginta suka yi ɗaukar farko a garin Bristol a 1927. Babban yatsanta ke fitar da karin waƙa a kan tsirkiyoyi masu kauri, manuni kuma na share sirara a tsakanin sauti da sauti. Har yau ana kiran salon da sunan gidansu, kuma ya taimaka ƙwarai wajen fito da jita daga bayan fage ta zama ita ke jan waƙa a kiɗan karkarar Amurka.

Ƙofar shiga ita ce tattaki tsakanin kod biyu. Kana kan G za ka C: a bugu biyun ƙarshe ka bar shara, ka buga tsirkiya ta 5 sake, A, sannan gaɓa ta 2, B, sai ka sauka a gaɓa ta 3, C, daidai kan "ɗaya" na sabon zagaye. Daga C zuwa Am ka gangaro: C, B, A. Mai waƙa ma na jin daɗin wannan, don yana gaya masa canji na tafe tun bai iso ba. A gidan C da G wannan salon ya fi zama, saboda sautukan na kwance a ƙarƙashin yatsun da ke riƙe da kod.

Da fik ya fi ko da yatsu?

Duka suna yi. In da fik ne, wato ɗan filastik ɗin da ake kaɗa tsirkiya da shi, mai laushi sosai yana da daɗin shara amma yana lanƙwashewa in ka nufi tsirkiya ɗaya. Matsakaici, wajen milimita 0.7, ya fi dacewa da aiki biyun. Kada ka matse shi.

Yatsu kuwa suna da dogon tarihi a nahiyarmu. Salon babban yatsa da manuni ya bi gaɓar tekun Afirka ta Yamma tare da matuƙan jirgin ruwa 'yan ƙabilar Kru na Laberiya, ya zauna a Saliyo da Gana, inda irin su S. E. Rogie da Koo Nimo suka yi suna da shi. A Kwango ma da yatsu biyu Jean Bosco Mwenda ya yi kiɗan da Hugh Tracey, mai tattara kiɗe-kiɗen Afirka, ya ɗauka a 1952. In za ka bi nan, babban yatsa ya riƙe masu kauri, bayan farcen manuni ya yi shara, cikinsa ya tsinci kari.

Ni kiɗan jitar Agadas nake so. Wannan darasin zai kai ni can?

Zai kai ka bakin ƙofa. Bambancin shi ne a can kod ba ya yawan canzawa. Sau da yawa waƙa kan zauna a gida ɗaya daga farko har ƙarshe, wata tsirkiya na ta kuka a sake, kari kuma na zagaye ta da daka da fizga masu sauri a kan sauti biyar. Ka saurari Bombino ko Mdou Moctar da wannan kunnen, ko ka koma baya ga Ali Farka Touré na Niafunke a Mali, wanda ya rasu a 2006, wanda kuma da kayan kiɗan gargajiya masu tsirkiya ɗaya ya fara kafin jita. Za ka ji cewa tunanin molo ne aka ɗora a kan tsirkiya shida.

Don gwaji, kama Em ka ƙi barinsa na minti biyar. Babban yatsa ya riƙa taɓa tsirkiya ta 6 a kan kowane bugu mai nauyi, kai kuma ka yi ta zance da sautuka biyar ɗin nan a tsirkiya ta 3, ta 2 da ta 1. Ko ka sassauta ta 6 ta sauko D, ka zauna a kan kod ɗin D. Sai dai ka sani a ƙungiya akan raba aikin, wani na shara wani na kari, ga tafi ga ganga. Kada ka zargi hannunka don ka kasa fitar da aikin mutum huɗu kai kaɗai.

Abokina na Maraɗi yana ce wa C "Do", ni kuma do ɗina na canzawa. Wa ya yi daidai?

Ku duka. A Nijar da Kamaru da Chadi an bi tsarin Faransa, inda Do sunan C ne har abada, Sol kuma G, La kuma A. A Nijeriya da Gana haruffa ne sunayen, do kuwa yana bin gidan da waƙa take. Ku dai tantance kafin ku fara kiɗa tare.

In waƙar ta faɗa gidan da sai an gitta yatsa, kamar F ko B♭, ina zan samu yatsan da ke zaune banza?

Hanya mafi sauƙi kapo, wato ɗan matsen da ake ɗaurawa a wuyan jita ya danne tsirkiya shidan a gaɓa ɗaya. Kowace gaɓa da ka matsa shi tana ɗaga jita rabin taki. Sa shi a gaɓa ta 3 ka kama siffar D, F ke fita. Ka kama siffar G, B♭ ke fita. Duk wasan da ka koya ya biyo ka. Kada wani ya ce maka kapo na ragwaye ne. Tsirkiya sake tana da amon da gittaccen yatsa ba zai taɓa bayarwa ba.

Hanya ta biyu ita ce wadda aka fi sanin makaɗin jitar Amurka Jimi Hendrix da ita, shi ma ya sha daga salon Curtis Mayfield na Chicago. Maimakon gitta manuni a kan shida, babban yatsa ne ke leƙowa ta saman wuya ya danne ta 6. Ga G a gaɓa ta 3: babban yatsa a ta 6, na zobe a gaɓa ta 5 ta tsirkiya ta 4, na tsakiya a gaɓa ta 4 ta tsirkiya ta 3, manuni ya kwanta a kan ta 2 da ta 1 a gaɓa ta 3, ta 5 kuma a kashe ta. Ƙaramin yatsa ya samu 'yanci, kuma gaɓa ta 5 tasa ce: C a tsirkiya ta 3, E a ta 2, A a ta 1. Siffar na tafiya ko'ina a wuyan jita. Amma in jitarka mai faɗin wuya ce irin ta nailan, ko tafinka ƙarami ne, kada ka tilasta. Ciwon wuyan hannu ba abin wasa ba ne. Ka bar ta 6, ka kaɗa huɗun ƙasa.

Ƙaramin yatsana ba shi da ƙarfi, kuma tsirkiya na yi mini zafi. Haka kowa ke ji?

Zafin kan yatsa na makonnin farko kowa ya sha shi, har kanta ta fito. Rashin ƙarfin ƙarami kuwa yawanci nisa ne: yana can sama a miƙe, kafin ya sauko bugu ya wuce. Ka koya masa shawagi daf da tsirkiya.

Amma duba jitar ma. A gaɓa ta 12, tazarar tsirkiya mai kauri da ƙarfe bai kamata ta wuce milimita 2 da rabi zuwa 3 ba. Na sha ganin mai koyo yana zargin kansa alhali jitar ce ta bankare. Zafin mota da bushewar hunturu na taɓa katako, har ƙarafan gaɓa su fara kartar hannu. Ka riƙa mai da ita jaka, kada ka jingine ta inda rana ke bugu, kuma in tsirkiyoyin masu lamba 12 ne ka gwada masu lamba 10, waɗanda suka fi su siranta da sauƙin dannawa.

Ni bahaguwa ce, Malam. Sai na juya komai?

Ki ɗauki lambobin tsirkiya da gaɓa yadda suke, ki musanya "hagu" da "dama" kawai. Elizabeth Cotten ta Karolaina ta Arewa bahaguwa ce, ta kifa jitar 'yan dama ba ta sauya tsirkiya ba, babban yatsanta na kari a kan sirara, sauran na riƙe masu kauri, har salon ya ɗauki sunanta. Mdou Moctar ma da hagu yake kaɗawa.

Yanzu na iya da yawa, amma mai waƙarmu ta ce ina rikita ta. Laifina ne?

Mai yiwuwa ne, kuma ka gode mata da ta faɗa. Wanda ya samu sabon abu yakan so ya zuba shi ko'ina, ni ma na bi ta nan. Sautukan tsirkiya ta 1 da ta 2 suna zaune ne a inda muryar mace take, don haka in kuna motsi tare kuna takun saƙa ne a hanya ɗaya.

Ka ɗauki kanka a matsayin ɗan amshi. Tana cikin baiti, kai shara zalla, a hankali, ko ma masu kauri kaɗai. Ta kai ƙarshen layi ta ja numfashi, wannan gurbin naka ne: sauti uku ko huɗu, ka ƙare a kan ɗan gida kafin ta dawo. In ka maimaita wutsiyar abin da ta rera yanzu, ya fi komai zama. Kuma ka riƙe amsa ɗaya ka yi ta dawo da ita a duk waƙar, maimakon sabuwa a kowane layi, don masu sauraro su san ta har su fara jiran ta.

A gwaji na gaba ku ajiye waya ta ɗauki waƙar sau biyu, ɗaya da duk adon da ka saba, ɗaya kuma kana amsawa a gurbin numfashi kaɗai. Ku zauna tare ku saurara, ka bar ta ta nuna maka layukan da take son ka shigo.